Jakar Nomau a Kan Kujera

Makon jiya wata dattijuwa daga Tsibiri, ƙawar mahaifiyata, ta zo ajans ɗina, ofishin yankan tikitin jirgi, karɓar biyenta, wato tikitinta na Umra. Na zaunar da ita a benci, na yi mata bayanin tafiya tun daga hawa kar, babbar motar fasinja, a Maraɗi har sauka ta ƙarshe. Da aka kira azahar ta tashi, ta bar jakarta a inda take zaune, ta ɗauki buta ta fita. Na ɗauke jakar na tura ta ƙarƙashin tebur. Ta dawo ta duba benci, ta duba ƙasa, sannan ta dube ni.

"Hamisu, ina jakata?"

"Wace jaka, Hajiya?"

"Kada ka mai da ni yarinya. Ina zaune a ɗakin aka raɗa maka suna."

"An ɗauke ta. Fasfo na ciki, biye na ciki, jirgi kuma ya tashi. Yanzu mi za ki yi?"

Ta zage ni, ta haɗa da sana'ata. Na bari ta gama, sannan na fito da jakar na faɗa mata dalili. Haka nake yi wa duk wanda bai taɓa shiga jirgi ba, ko da ya haife ni. Ku samarin tsallaken titi, masu yankan biye ta waya, na ga kuna dariya a ranar, kuma na san sunan da kuka sa mini, wai Baba Ɓoye-jaka. Ku kira ni abin da kuka ga dama. Amma tunda kun shigo sana'ar nan kuna ganin danna waya ne kawai, ku saurara, zan faɗa muku a jere: yadda na koya, yadda filayen jirgi suke, da abin da ya sa nake ɓoye jaka.

Na fara neman abinci a tashar mota, ina kamasho. Lakwal ban wuce ta firamare ba. Wani alhaji mai fataucin atamfa ya ga ina da tsari wajen jera fasinja, ya kai ni Yamai wurin wani mai ajans, Malam Sidiku. A lokacin da hannu ake rubuta biye, takarda bisa takarda, da jan kabon a tsakani. In ka yi kuskuren harafi ɗaya a sunan mutum, ka ɓata biyen gaba ɗaya. Na daɗe ina shara da auna kaya a sikeli kafin ya bar ni in taɓa alƙalami. Ko da ya bari, sai ya kafa mini doka: ba zan tura mutum ta filin da ban taka da ƙafata ba. Don haka ya riƙa haɗa ni da alhazai ƴan kasuwa a matsayin ɗan rakiya, ina ɗaukar musu jaka. In na dawo, ko ruwa ban sha ba zai fara tambaya. Ina masallacin filin yake? Akwai famfon alwala, ko sai a kewaya? Daga ƙofar sauka zuwa ƙofar tashi, tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta kai? In an canja ƙofa, faɗa ake yi ko rubutawa? In na yi shiru a kan tambaya ɗaya, sai ya ce, "Ba ka je ba. Jikinka ne ya je." Ya sake tura ni.

Kayan aikina har yau ba su da yawa. Sikeli, don kada mutum ya je Yamai a ce ya zubar da kilishinsa. Agogo biyu a bango, ɗaya na Maraɗi, ɗaya ina juya shi ya bi lokacin garin da mutum zai canja jirgi, don ya gani da idonsa cewa azahar ɗin can ba ta nan ba ce. Sai benci, kuma shi ne babba a cikinsu, don a kansa nake gane wane irin matafiyi ke gabana.

Daga ƙasar nan kusan duk inda za ka je mai nisa sai ka sauka a wani gari ka canja jirgi. Wannan saukar ita muke kira eskal, kuma a nan sana'ar take. Hawa jirgi ba wuya, ɗaure ka ake yi a kujera a kawo maka abinci. A eskal ake ɓata. Ba zan faɗi sunayen filayen ba, don har yanzu ina tura mutane ta cikinsu, kuma na yau yana iya gyaruwa gobe. Zan kira su da sunayen da muka sa musu a ajans ɗin Malam Sidiku.

Wanda ya fi duka shi ne Gidan Kawu. Ba shi ne ya fi kyau ba, kujerunsa ma sun tsufa. Amma gini ɗaya ne, kana sauka kana hango inda za ka tashi. Masallaci na tsakiya, ma'aikatan suna jin Faransanci, kuma in lokaci ya yi, mutum ne yake zagawa yana kiran sunan gari da baki, kamar a tasha. In jirginka ya makara ka rasa na gaba, su ne za su nema maka makwanci. Bayansa sai Dogon Zaure. Shi komai nasa a tsare yake, sai dai tafiya, ka yi ta tafiya har ka fara zargin ka fita daga ƙasar. Mai ƙafa lafiya ba ruwansa, amma tsoho sai na nema masa keken turawa tun daga nan, in rubuta a jikin biyensa. Akwai Firji, inda sanyi yake shiga ƙashi, ba mai yi maka magana, ba mai cutarka, allo ne kawai yake magana da wanda ya iya karatu.

Na ƙarshe, Rijiya. Shaguna na ƙyalli, ƙasa kamar madubi, turare ko'ina. Gine-gine ne daban-daban, sai an ɗauke ka a mota daga wannan zuwa wancan, a sake caje ka, a sake cire maka takalmi. Ana canja ƙofa ba a faɗa. Wurin salla yana can sama a wani lungu. Ba mai jin Faransanci, balle Hausa. In ka rasa jirginka, ba ka da bizar fita gari, ba ka da hanyar komawa, kana nan a ciki. Shi ya sa muka sa masa wannan suna. Kuma shi ne wayarku take fara nuna muku, don shi ya fi araha.

Duk da haka ina tura mutane ta Rijiya. Akwai wata mai fataucin yadi a nan garin, Hajiya Balki, wadda ta bi ta can har ma'aikatan sun san muryarta. Ita ko da ido rufe za ta fita. Abin da ba ku gane ba ke nan. Ba a cewa fili kaza ya fi fili kaza sai an dubi wanda zai bi ta ciki. Shekarunsa, ƙafarsa, idonsa, harshen da yake ji, ko ya taɓa fita. Waya ba ta duban mutum. Ku ma kun daina.

Shekarar annoba, da aka rufe filayen jirgi, na rufe ajans na koma Tsibiri noman gero. Wasu abokan sana'ata ba su sake buɗewa ba. Da aka dawo, sai na tarar kowa ya zama mai ajans: tebur ɗaya, waya ɗaya, allo a bakin ƙofa. Muna cikin farfaɗowa kuma hanyar Kano ta tsaya na wani lokaci, aka koma dogaro da Yamai kaɗai, biye ya yi tsada, mutane suka riƙa bin duk wanda ya rage musu. A wannan lokacin ne Nomau ya zo.

Nomau manomin rani ne a Jiratawa, ya girme ni, mun san juna tun ina tasha, lokacin yana kawo buhunan zogale. Idonsa na hagu ya riga ya mutu. Na dama yana bin sa, hawan jinin ido ne, kuma maganin ɗigawa ne kawai yake riƙe da shi, safe da yamma. Likita ya ce in ana son a ceto shi sai an yi aiki a waje, kuma da wuri. Ƴan'uwa da abokan noma suka haɗa hannu, aka samu randebu, wato ranar ganin likita, a wani asibiti a Indiya. Ya zo da ƙanensa Ila, wanda zai yi masa jagora. Dukansu biyu ba wanda ya taɓa wuce Yamai.

Na tsara musu ta Gidan Kawu, biye ɗaya tun daga Yamai har can, da keken turawa da ma'aikacin da zai karɓe su a bakin jirgi. Na faɗi kuɗin. Nomau ya yi dariya.

"Kai Bagobiri, tsadarka ta fi ta likitan."

"Yaya Nomau, ba ni na sa ba. Hanyar da za ta kai ka ce wannan."

"Jirgi dai ba jirgi ba ne? Duk sama suka bi."

Ila ya ce, "Yaran can na tsallake sun ce akwai mai sauƙi."

"Akwai. Ta Rijiya ce, kuma biye biyu ne na kamfani biyu da ba su san juna ba. In kun rasa na biyu, ba mai tambayar ku."

"To mi zai sa mu rasa shi? Mu da ke sammakon ban ruwa?"

Ban ga laifinsu ba. Kuɗin jama'a ne a hannunsu, suna son su rage don magani. Na rubuta lambar wayata a ƴar takarda na ba Ila, ya cusa ta a naɗin hularsa, suka tsallaka titi wurin ɗayanku, Nasiru. Ya yanka musu biye kafin shayinsa ya huce. Ya haɗa fasfo biyu, da biye, da takardun asibiti a leda ɗaya, ya ce kada su raba su. Suka sa ledar a jakar hannu tare da maganin ido. Iyakar bayanin da aka yi musu ke nan.

Abin da ya faru a Rijiya, Ila ne ya ba ni labarinsa daga baya. Allah ya haɗa su da wani fasinja mai kirki wanda ya ja su har ƙofar da jirginsu na biyu zai tashi. Sun isa da sauran lokaci. Wuri ya cika, da ƙyar suka samu kujeru biyu. La'asar ta yi. Sai suka yi abin da kowane mutumin kirki yake yi a tashar Maraɗi tun kafin a haife ku: suka kama wuri. Ila ya ɗora jakar a kujera ɗaya, Nomau ya ɗora rawaninsa a ɗayar, suka yi wa na kusa da su alama da hannu cewa ya duba musu, suka tafi neman ruwa. A tasha, kayanka a kujera shi ne shaidar kana cikin motar. Ba mai taɓawa, kuma direba ba ya tashi ya bar mai salla. Da wannan sanin suka rayu, kuma bai taɓa cin amanarsu ba.

A filin jirgi, jakar da ba mai ita abin tsoro ce. Kafin su gano wurin salla a can sama, su yi alwala, Ila ya jawo yayansa a hankali su dawo, an kori mutane daga wurin, an zagaye shi da igiya, jami'an tsaro sun zo da kare sun tafi da jakar. Su kuma suka ɗauka ɓarawo ne. Ila ya bi mutane yana tambaya da Hausa da ɗan guntun Faransancinsa, ana kauce masa. Da aka fara shiga jirgi suka bi layi, aka miƙa hannu a karɓi takarda, babu. Aka nuna musu gefe. Suna tsaye aka rufe ƙofa.

Sai a rana ta biyu Ila ya samu wani Bahaushen Sudan da ya ara masa waya. Ya ciro takardar daga hula. Bayan azahar ne, ina auna kayan wani.

"Malam Hamisu, Ila ne. An sace muna jaka, jirgin kuma ya tahi."

"Ina kuka bar ta?"

"Bisa kujera. Salla munka je."

"Maganin idon fa?"

Ya ce, "Yana ciki."

Na ce kada su motsa daga ƙofar nan ko mi za a yi. Na tsallaka titi. Nasiru na zaune, ƙafa ɗaya bisa tebur.

"Mutanen da ka tura ta Rijiya suna can ba fasfo, ba magani."

"Baba, mu biye muka sayar. Biyen lafiyarsa lau."

"Ka tambaye su ko sun taɓa shiga jirgi?"

"Ba su ce ba."

"Ka dubi idon tsohon?"

"Ni ba likita ba ne, Baba."

"Ka taɓa taka filin nan?"

Ya juyo mini da wayarsa. "Ga shi nan. Tauraro huɗu gare shi."

Ban mare shi ba, kuma har yau ina ganin haƙurin da na yi a ranar ya yi yawa. Na ce ya kira kamfanin. Ya ce shi ba shi da lambar kowa, ta wani shafi ya saya, kuma shafin saƙo kawai yake karɓa. Ya rubuta saƙon a gabana. Ban san ko an ba shi amsa ba har yanzu.

Na koma na zauna na bi fasinjojina ɗaya bayan ɗaya a kaina, wa ke hanya, wa zai ratsa ta can. Hajiya Balki tana Sin, tana shirin dawowa ta Rijiya. Na same ta a waya na faɗa mata. Ta ce, "Nomau mai zogale? Bar ni da su." Amma jirginta sai bayan kwana biyu. Babu abin da zan iya yi da kwanakin nan. Na kira duk wanda na sani, aka yi ta tura ni daga wannan lamba zuwa waccan. Su kuma suna can bisa kujerun ƙarfe, suna cin abin da masu wucewa suka miƙa musu. Ila ya ce ciwon kai ya kama Nomau tun daga ranar farko, idon ya yi ja, ya yi tauri kamar goro. Rana ta uku da hantsi, hasken wurin nan kamar tsakar gona, Nomau ya juyo ya ce, "Ila, sun rage fitilu ne?"

Hajiya Balki ta sauka, ta bar layinta, ta shiga zauren tana ɗaga murya, "Ina mutanen Jiratawa? Ina Nomau?" Turawa na kallonta, ba ta damu ba. Da Ila ya ji Hausar nan sai ya ɗaga hannu ya amsa. Ita ta san abin da ake yi da jakar da ba mai ita, ta san ofishin. Ta ja su can, ta yi ta faɗa da hannu da baki har aka fito da jakar, an farke ta da wuƙa. Fasfo da takardu suna nan. Kwalaben maganin an zubar. Rawanin ba a gan shi ba.

Biye na biyu ya ƙone, kamar yadda na faɗa, don kamfanin ya ce ba su zo ba. Manoman Jiratawa suka sake haɗa hannu, na yanka musu wani daga nan, Hajiya Balki ta sa su a jirgi da kanta, ta rasa nata saboda su. Sun isa asibiti randebu ya wuce. Aka ba su wani. Likitan ya duba, ya sake dubawa, ya ce wa mai fassara ya faɗa musu jijiyar ta riga ta mutu, da sun zo a ranar da aka sa musu da akwai abin yi. Aka yi masa aikin da zai cire ciwon kawai. Ila ya dawo da shi yana riƙe da sandarsa.

Ku ce mini jami'an tsaron can ne da laifi. Aikinsu suka yi. Ku ce Nomau ne, shi kuwa salla ya je. Tsakanin tashar Maraɗi da Rijiya akwai magana ɗaya da ya kamata wani ya faɗa masa: kada ka ajiye jakarka, ko salla za ka. Wanda ya karɓi kuɗinsa shi ne da alhakin faɗar ta. Wannan maganar ita ce sana'ar, ba danna waya ba. Tun daga lokacin na ga faɗa da baki ma bai isa ba, don mutum zai ce to, azahar ta yi kuma hannunsa ya yi abin da ya saba. Sai ya dawo bai ga jakar ba, ya tsorata a nan bencina, inda abin da zai rasa bai wuce ya zage ni ba.

Na je Jiratawa na gaishe shi bayan dawowarsu. Na same shi a bakin gona, yana zaune kusa da magudanar ruwa, yana faɗa wa ƴaƴansa wane fangali ya sha wane bai sha ba, da kunne. Bai ambaci Nasiru ba, ni ma ban ambata ba.

Bana ya aiko Ila ya ce yana son ya je Umra. Suka zo a kabu-kabu biyu. Na tsara musu ta Gidan Kawu, biye ɗaya, da keken turawa. Wannan karon bai yi ciniki ba, sai dai ya ce Bagobiri ba ya tsufa da son kuɗi. Na zaunar da su a benci na yi bayani tun daga farko, na juya agogo na biyu, Ila ya gani ya faɗa masa. Aka kira azahar. Nomau ya lalubi sandarsa ya miƙe, jakar ta miƙe tare da shi. Ya ɗaure ta a wuyan hannunsa da igiyar ɗaurin buhu, ƙulli bisa ƙulli, har fatar wurin ta yi shati.

Na ce, "Yaya Nomau, ka sassauta ta, ai nan gida ne. Za ta hana ka alwala."

Ya juyo da fuskarsa wajen muryata.

"An ce mini kana ɓoye jakar mutane. Zo ka ɗauki wagga."

Ila ya ɗauki buta, ya kama masa gwiwar hannu, suka fita. Nasiru, kana bakin shagonka a lokacin, na gan ka. Ta gabanka suka wuce, jakar tana bugun ƙafarsa, kuma har sallama ya yi maka, don ba ya ganin ko wane ne. Ka amsa.